Girma ko Dacewa?

A Mazanya da Magama, bakin iyakar Jibiya, zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuwa tana toshe duk wata kafar iska. Ba abin mamaki ba ne mai shagon buga takardu ya yanke shawarar cewa maganin kwamfutarsa shi ne fankar furosesa mafi girma a kasuwa. Sai a kai wa mai gyara, ta ƙi zama. Wannan ƙaramar matsala tana ɗauke da tsohuwar tambaya: shin kyawun abu a jikinsa yake, ko a zamansa da abin da ke kewaye da shi? A ganina nagarta ba ta cika sai da dacewa.

Ɗauki NH-D15 ta kamfanin Noctua, wadda ta fito a 2014. Tsayinta milimita 165, nauyinta ya haura kilo ɗaya, kuma masana ba sa jayayya kan ingancinta. Amma fankarta ta gaba tana rufe ramukan ram, tana barin milimita 32 kacal. Ram mai tsawo sai ya tokare ta, in an ɗaga ta sama kuma murfin akwatin ya ƙi rufuwa. Kwamfutocin ofis na gwanjo, irin Dell da HP da suka cika shagunanmu, da yawansu akwatinsu matsattse ne, ramukan sukurunsu ma nasu ne na kansu. Ko a sababbi, da Intel ya kawo mazaunin LGA1700 a 2021, tazarar ramukan sukuru ta tashi daga milimita 75 zuwa 78. Milimita uku sun isa su mai da fanka mai tsada kayan ajiya. In aka matsa da ƙarfi, madabod ya lanƙwasa, tafin fankar ya karkace, man da aka shafa ya taru gefe guda. Furosesa ya doshi digiri 100, ya rage gudunsa don kada ya ƙone. Ƙaramar fanka da ta zauna daram ta fi wannan aiki.

Malamanmu sun daɗe da gane haka. Asalin zalunci a wurinsu shi ne ajiye abu ba a muhallinsa ba, adalci da hikima kuwa kishiyar haka ne. Doguwar ƙira'a a salla abin so ce, amma da Mu'azu ɗan Jabal ya ja wa mutanensa Suratul Baƙara a sallar isha'i har wani ya janye, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata masa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Surar ba ta da aibi, mai karatun ma babban sahabi ne. Abin da ya ɓace shi ne lura da sahu, inda akwai tsoho da mai rauni da wanda ya wuni aiki.

Wani zai ce wannan magana tana koya wa mutane ƙaramar himma, alhali furosesa mai ƙarfi yana buƙatar babbar fanka da gaske. Haka ne, sai dai dacewa ba ta nufin ƙanƙanta. Ƙaramar fanka a kan babban furosesa ita ma rashin adalci ce. Daidai ruwa, daidai tsaki. Wanda aikinsa ya bunƙasa, sai ya sake akwati da madabod tare, ya gina wa girman wurin zama.

Akwai suka ta biyu da ta fi nauyi: wa ya kafa ma'aunin? Kamfanoni ne, kuma riba suke nema. AMD ya fito da mazaunin AM5 a 2022 ya bar yawancin fankokin AM4 suna shiga, wanda ya nuna sauyin ba kullum yake dole ba. Mutanen Jibiya sun san irin wannan, domin layin da ya raba su da Maraɗi Turawan Ingila da Faransa ne suka ja shi a farkon ƙarni na 20, kuma an rufe shi a 2019 da 2023 ba da shawarar ɗan kasuwa ba. Amsar ita ce ma'auni iri biyu ne. Na mutane ana iya ƙalubalantarsa, ana iya yi masa gada, kamar yadda Noctua ya raba wa masu kayansa sababbin maƙalai kyauta. Na halitta kuwa, wato zafi da nauyi da fili, ba ya karɓar ƙorafi. Mai matsa sukuru da ƙarfi bai yaƙi Intel ba, madabod ɗinsa kawai ya fasa.

Saboda haka kafin a tambayi wane ne ya fi, a fara tambayar ina za a sa shi, da su wa zai zauna. Tambayar nan ta hau kan naɗa limami, da ba da sarauta, da ɗora wa ɗalibi littafin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ya tsallake ta yakan zalunci abu biyu lokaci guda: wurin da ya ɓata, da abin kirkin da ya hana amfani.