Shin Mulhidanci Yana da Ɗariƙu?

Mulhidanci, wato inkarin samuwar Mahalicci, ba shi da littafin da mabiyansa suka haɗu a kai, ba shi da alƙibla, ba shi kuma da silsilar malaman da ake karɓar izini daga hannunsu. Mazaunin Herwagana a birnin Gombe, wanda ya saba da zawiyar Tijjaniyya da kuma masallacin Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978, ya san cewa saɓanin Musulmi reshe ne daga tushe guda, domin ana jayayya kan fahimtar nassi alhali ana fuskantar Ka'aba ɗaya. A wannan ma'ana mulhidanci ba shi da ɗariƙu, tun da babu tushen da rassa za su fito daga gare shi.

Sai dai rashin tushe bai hana rabuwar kawuna ba, domin duk wanda ya ƙi yarda da Mahalicci sai ya faɗi abin da ya ɗora rayuwarsa a kai, kuma a nan ne hanyoyi suke rabuwa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bambanta Dahriyyawa, masu cewa duniya ta wanzu tun fil azal ba tare da mai yin ta ba, da Ɗabi'iyyawa, waɗanda suka yarda da Mahalicci amma suka musanta tashin ƙiyama. A Ingila, Thomas Huxley ya raɗa suna a 1869 ga masu cewa hankali ba zai iya tabbatarwa ko korewa ba. A Faransa, Auguste Comte ya tsara addinin girmama ɗan Adam, har da limamai da kalanda. A Albaniya kuwa, gwamnatin gurguzu ta rufe masallatai da majami'u a 1967. A Najeriya ma an samu masu ɗora ɗabi'a a kan hankali kaɗai, kamar Mubarak Bala, wanda kotu a Kano ta yanke wa ɗaurin shekara 24 a 2022 kan ɓatanci.

Sanin wannan rabuwa wajibi ne a kan malamin da matasa suke kawo wa tambayoyin da suka tsinto a intanet, domin mai shakka daban, mai inkari daban, Bamaguje mai yarda da Allah da iskoki shi ma daban. Malamin da ya yi musu kuɗin goro zai ba mai shakka amsar mai inkari, ya kore shi alhali hujja ya zo nema.