Hoton da Aka Gina da Haruffa

A kwamfuta akwai wata baƙar taga da ake ba na'ura umarni a rubuce, kuma ta nan ake kallon zanen da aka haɗa da haruffa zalla. Tsarin ASCII, wanda ya fito a Amurka a 1963, yana da alamomi 95 da ake iya bugawa, da su kaɗai ake zana mutum ko doki. Harafin O ya zama kai, karkatattun layuka su zama hannuwa. Sa zanen ya yi motsi kuwa dabara ce: a cika taga da haruffa, a share, a sake cikawa da ɗan bambanci, sau da yawa cikin daƙiƙa. A kwamfuta mai Linux, in an girka manhajar sl, buga haruffan nan biyu kan sa jirgin ƙasa na haruffa ya ratsa tagar yana hayaƙi. Simon Jansen ya fara mayar da fim ɗin Star Wars haruffa a 1997.

Shin wannan yana cikin surar da hadisai suka yi gargaɗi a kanta? Jirgin ƙasa dai ba ya cikin maganar, domin Buhari da Muslim sun ruwaito Ibn Abbas yana shawartar mai sana'ar zane ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Mutum da dabba ne abin dubawa.

Malikiyya ce mazhabar da ake karantarwa a zaurukan Wurno tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa ribaɗi a garin, ya rasu a can a 1837. Shehu Dardir, malamin wannan mazhaba, a sharhinsa na Muhtasar Halil, ya rataya haramci ga surar mai rai, mai cikakkun gaɓoɓi, mai inuwa, wato gunki. Shimfiɗaɗɗen zane makaruhi ne, ko barinsa ya fi. Mutumin haruffa ba shi da inuwa, sau da yawa ko fuska babu, da an rufe taga kuma ya ɓace. Hukuncinsa mai sauƙi ne a wannan ma'auni, ko da yake wasu mazhabobin sun fi tsanantawa.

Amma cewa "ai haruffa ne kawai" ba hujja ba ce. Tawada ma ba hoto ba ce kafin mai zane ya nufi wani abu da ita. Harafi ɗaya bai yi kama da komai ba. Niyyar mai tsarawa da idon mai kallo ne suke haɗa surar.

Akwai kuma alfarmar harafi. Allon zayyanar da ake yi wa almajiri in ya sauke Alƙur'ani, a Rabah ko Goronyo, ado ne na layuka da launuka kewaye da ayoyi, ba a lanƙwasa aya ta koma siffar dabba. Wasu marubutan Daular Usmaniyya ta Turkiyya kuwa sun yi haka, sun mayar da Bisimilla tsuntsu, kuma wasu malamai ba su yarda ba. Zanen kwamfuta bai shiga wannan saɓani ba muddin haruffansa ba sa ba da wata ma'ana. Idan aka gina shi da aya ko sunan Allah, hukuncin kiyaye alfarmar rubutu ya hau kansa.