Gurbin da Na Ƙi Sakawa a Fom

A watan Yulin bara shugabar zumuntar mata ta cocinmu da ke Sabon Tasha ta tare ni bayan sujada. Suna shirya wa yara sansanin dogon hutu na kwana biyar, tana so in yi musu fom ɗin rajista wanda za a cike ta waya, tunda sana'ata ke nan. Suna, shekaru, unguwa, lambar mai kula da yaro. Sai ta rage murya ta ce, "Ɗana, ka ƙara gurbi ɗaya. A rubuta ko uban yaro ko uwarsa na gidan yari. Irin waɗannan kyauta za mu ɗauke su."

Na ce, "To, Mama." Aikin minti biyu ne, amma na kwana uku ban taɓa shi ba.

Niyyarta mai kyau ce, kuma ba ita ta fara ba. A Amurka, Charles Colson, hadimin Shugaba Nixon da aka ɗaure a badaƙalar Watergate, ya kafa ƙungiyar Prison Fellowship a 1976 bayan ya fito. A 1982 wata tsohuwar fursuna, Mary Kay Beard, ta fara shirin Angel Tree a jihar Alabama, inda ake kai wa 'ya'yan fursunoni kyautar Kirsimeti. Daga baya aka ƙara da sansanonin hutu da masu yi wa yaran jagora. Abin da ya fi burge ni a shirin shi ne da sunan uban ko uwar da ke tsare ake miƙa kyautar. Yaro ya karɓa daga hannun baƙo, amma a ce masa daga babansa ne.

Mu ma buƙatar tana ƙofar gidanmu. Akwai gidan yari a Kakuri, ga kuma babban da ke tsallaken kogi a kan titin Independence. Duk mai shiga motar haya da safe ya san matan da ke haye gada da kular abinci, yaro na riƙe da gefen zane. Tun 2019 doka ta sauya wa gidajen suna zuwa na gyaran hali, amma a bakin unguwa ɗan fursuna yana nan ɗan fursuna. Kuma kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Ke nan yara da yawa suna ɗauke da kunyar laifin da ko kotu ba ta tabbatar ba.

To me ya hana ni saka gurbin? Sana'ata ta koya mini cewa abin da aka rubuta a rumbun bayanai ya fi dalilin rubuta shi tsawon rai. Yau don a yafe wa yaro kuɗi ne. Gobe an sauke jerin sunayen an tura zauren WhatsApp na masu hidima, jibi an buga a takarda an manta da ita a kan benci. Ranar da wayar wani ta ɓata a sansani, jakar wa za a fara zazzagewa? Na san amsar, domin ni ma a cikin mutanen nan na tashi. Mu ne muke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da ita muke yabo, da ita kuma muke yanke wa yaro hukunci tun bai iya ɗaura wando ba. Mu ne idan an zo binciken aure muke raɗa cewa gidan nan akwai wanda ya taɓa zuwa gidan maza. Alhali sura ta 18 ta littafin Ezekiyel ta raba alhakin uba da na ɗa, kuma maƙwabtanmu Musulmi suna da wannan koyarwa a Alƙur'ani. A takarda duka ɓangarorin kogin sun yarda. A aikace ne muke mantawa tare.

Da na kai wa Mama wannan uzuri ba ta karɓa da sauƙi ba. Ta ce, "Ɗana, in ba mu sani ba, ta yaya za mu taimaka? Kuma ɓoye-ɓoyen nan ba shi ne ke koya wa yaro cewa abin kunya ne ba?" Gaskiyarta. Yaron da kowa ya yi shiru a kan ubansa yana jin shirun, kuma yana fassara shi. Wanda ba a san ciwonsa ba, ba a ba shi magani.

Sai dai sani iri biyu ne. Akwai wanda ke hannun mutumin da zai zo gidanku, ya zauna a kan tabarmarku, ya duba littafin makarantarka, ya raka ka ziyara in mahaifiyarka ta yarda. Wannan sanin yana tafe da nauyi a wuyan mai shi. Akwai kuma wanda ke kwance a cikin fom, kowa ya leƙa ya wuce ba tare da ya ɗauki komai ba. Na farko riƙon amana ne, na biyu tambari. A ganina bai halatta ka riƙe sirrin yaro ba sai in ka shirya riƙe yaron. Kuma taimakon nan bashi ne a kanmu: da sunan al'umma aka kulle uban, wanda ya rasa kuɗin makaranta kuwa bai tsaya gaban alƙali ba. Mai biyan bashi ba ya ɗaukar hoto ya sa a Facebook, ba ya kuma gindaya wa yaro sharaɗin ya tsani ubansa ko ya bar addinin gidansu.

Daga ƙarshe muka daidaita. Gurbin da na saka yana tambaya ne kawai ko ana neman tallafin kuɗin sansani, babu neman dalili. Sunayen yaran suna wurin mata biyu, su ne suka nema wa kowane ɗaya babba guda da ya yi alkawarin bibiyarsa har shekara.

A daren kwana na huɗu, ana hira bayan addu'a, wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ya ce a sa babansa a addu'a, yana Kakuri, saura wata takwas ya dawo. Ba wanda ya tambaye shi. Labarinsa ne, shi ya zaɓi ranar da zai faɗa da waɗanda zai faɗa wa. Na kusa da shi ya ce amin, ya miƙa masa ragowar gyaɗarsa.