Manomin Tabar Wiwi Da Ruɓar Da Ke Cikin Fure

A arewacin ƙasar Maroko, cikin duwatsun Rif, akwai ƙauyuka, musamman a kewayen garin Ketama, waɗanda tun kaka da kakanni su ke noman tabar wiwi a fili, bisa gangaren da hatsi ba ya yin albarka sosai. Mutanen nan Musulmi ne, mabiya mazhabar Imamu Malik. A shekarar 2021 hukumar ƙasar ta kafa doka mai lamba 13-21, wadda ta yarda a noma tabar domin magani da masana'antu a larduna uku, watau Husaima da Shafshawan da Tawnat, amma shan ta don maye yana nan a matsayin laifi. Girbin farko bisa wannan doka, a 2023, ya kai tan 294. Saboda haka a kan dutse guda ana iya samun manoma biyu, ɗaya da takardar izini, ɗaya kuwa yana jiran dillalin dare.

Dukansu biyu jarrabawa guda ce ke jiransu, ita ce lokacin fure. Idan tabar ta fara huda, furenta ya kan yi curi, ya cushe, ya yi danƙo, kuma wannan danƙon shi ne dukiyar. To, cushewar nan ita ke riƙe raɓa da ruwan sama. Tsutsa ta kan huda curin ta shige ciki, ta bar rauni da kashinta, sai wata fumfuna mai launin toka, wadda masana ke kira Botiraitis, ta kama daga can ciki. Daga waje fure kore shar, in an buɗe shi kuwa ya ruɓe. Irin ƙasar na asali, mai suna Beldiya, ya kan nuna da wuri kafin ruwan kaka. Irin da aka shigo da shi daga waje ya fi yawan danƙo, ya fi shan ruwa, kuma ya kan daɗe a gona har sanyi da laima su tarar da shi. Manomin da ya ga ruɓa ta shiga, ko dai ya yanke abin da ya kamu ya ɗauki hasara, ko ya girbe kafin lokaci, ko ya yi feshin guba a kan furen da mutum zai zuƙa, ko kuwa ya busar da mai kyau da ruɓaɓɓe tare, ya kaɗe su, ya sayar ba wanda ya sani.

Kafin a kai ga wannan, tilas a tambaya ko noman kansa ya halatta. Malamai ba su yi saɓani ba a kan haramcin shan abin da zai gusar da hankali daga cikinta. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya sa ta a sahun giya. Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya sa ta a sahun abubuwa masu ɓata hankali, waɗanda a ke ladabtar da mai shan su amma ba a tsayar masa da haddin giya. Shi Ƙarafin ne kuma, a littafinsa Al-Furuƙ, ya kasa toshe kafar ɓarna gida uku, ya kawo noman inabi a matsayin abin da malamai suka haɗu ba a hana shi don tsoron giya. Duk da haka Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai tatsa. Ashe ke nan hukunci yana bin sanin da manomi ya ke da shi game da inda amfaninsa zai tafi. Wanda ya san tabarsa masana'antar magani za ta je, yana da madogara, domin tun 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da wani magani da a ke samu daga wannan tsiro don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara. Wanda kuwa ya zaɓi iri saboda ƙarfin mayensa, ya kuma san dillalinsa, misalin inabi ba zai cece shi ba.

Wani zai ce talauci ne. Gaskiya ne ƙasar Rif ta daɗe cikin ƙunci, kuma kaso mafi tsoka na kuɗin a aljihun masu fasa-ƙwauri ya ke ƙarewa, manomi kuwa sai fargabar kamu. A watan Agusta na 2024 Sarki Muhammadu na Shida ya yi afuwa ga mutum fiye da 4,800 waɗanda aka tuhuma ko aka hukunta saboda wannan noma, abin da ya nuna ita kanta hukuma ta gane halinsu. Uzuri ya kan sassauta zargi, kuma ya ɗora wa masu mulki nauyin buɗe wata hanyar abinci. Amma bai kai ya mai da sana'ar shekara da shekaru lalurar da ke halatta haram ba.

Sai dai takardar izini ma ba ta sallami mai ita ba, kuma a nan ne ruɓar fure ke da magana. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, ya ji danshi. Mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi bai zarge shi a kan ruwan ba, sai a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma barranta daga mai algus. Aibin furen wiwi a ciki ya ke ɓuya, kamar na wancan tari. Mai sayen tabar magani kuwa majinyaci ne, kuma likitoci sun ga masu raunin garkuwar jiki da suka kamu da ciwon huhu daga fumfunar Asfajilus bayan shan gurɓatacciyar taba. A Kanada, tsakanin 2016 da 2017, an janye tabar magani daga kasuwa saboda an sami maganin fumfuna mai suna maikulobutanil a jikinta, wanda in ya ji wuta ya kan fitar da iskar guba.

Shi kuma manomin dillalin dare, Shaiɗan ya kan raɗa masa cewa mai sayen abinsa mashayi ne, ba shi da wani haƙƙi. Wannan kuskure ne. Saɓon mutum ba ya zubar da alfarmar ransa. Mashayi ya yarda da maye, bai yarda da guba ba, kuma wanda ya ba shi ita ya haɗa laifi biyu, na biyun ma haƙƙin ɗan Adam ne.

Saura batun wanda zai ɗauki hasarar ruɓa. Malikiyya suna da babin da su ke kira ja'iha, watau annobar da ta faɗa wa 'ya'yan itace bayan an sayar da su suna bisa, kamar fara ko ƙanƙara ko tsutsa ko ruɓa. Idan ɓarnar ta kai sulusi, sai a rage wa mai saye kuɗi gwargwadonta, hasarar ta koma kan mai gona, ko da ya ke an riga an ƙulla ciniki. Balle ruɓar da manomi ya gani da idonsa tun amfanin yana hannunsa.