Wanda ya bar nama da wanda nama ya bari

Tun zamanin da, akwai masu hikima da suka ƙaurace wa nama. Abul Ala al-Ma'arri, makahon mawaƙin ƙasar Sham da ya rasu a 1057, ya bar nama da madara da ƙwai har da zuma, don gudun cin haƙƙin wata halitta. Hujjar irin su tausayi ce. Daga baya likitoci suka ƙara da ta lafiya.

Hujjar likitoci kuwa tana da ƙarfi. Masu dogaro da hatsi da wake da ganye ba su cika fama da ƙiba da hawan jini da ciwon sukari ba kamar masu yawan cin nama. A 2015, cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka adana da gishiri ko hayaƙi ko sinadari cikin abubuwan da ke jawo kansar hanji.

Sai dai tsiro ba ya ba da bitamin B12. Ana samun sa ne a nama da kifi da ƙwai da nono. Rashinsa yana rage jini, yana lalata jijiyoyi. Ƙarfen da ke cikin wake ma ba ya shiga jiki kamar na hanta, ko da yake lemun tsami yana taimaka masa. Gandhi na Indiya ya yi alwashin barin madara, amma da ciwo ya kayar da shi a 1918, sai ya koma ga nonon akuya. Jiki yana da nasa haƙƙi a kan mai shi.

A ƙauyukan Maradi da Damagaram, tambayar takan sake kama, domin gidaje da yawa ba sa ganin nama sai ranar salla ko suna. Wannan ba zuhudu ba ne, rashi ne, kuma ba a yaba wa mutum kan abin da bai zaɓa ba. Baligi yana da ikon ɗora wa kansa ƙa'ida, in ya san abin da zai maye gurbin naman. Yaron da aka yaye da mace mai ciki ba su yi wa kowa alwashi ba. Magidancin da ke kai ƙwan zabi kasuwa, yana hana ɗansa wai kada ya tashi ɓarawo, shi ya kamata a fara tambaya: tausayin wa ya fi cancanta?