Ƙorafi da Godiya a Bakin Tukuba

Wata ranar Alhamis bayan sallar Isha'i na kai wani baƙona, dattijon malami da ya zo Kano daga Damagaram, wani gidan gashi da aka daɗe ana yabo, tun a hanya kuwa ina cika masa baki da cewa yau zai ci balangun da bai taɓa cin irinsa ba. Mai gashin ya yanko mana ɗanɗano, tsoka mai laushi wadda romo ke ɗiga daga gare ta. Amma da aka kawo faranti muka ɗage albasa da kabejin da aka lulluɓe shi da su, sai ga jijiya da naman da ya kwana, an shafe shi da man gyaɗa an mayar kan wuta, an zabga masa yaji don ya rufa masa asiri. Malam ya yi bisimilla, ya ci yanka biyu, ya yi hamdala, ya wanke hannu. Na ce, "Allah gafarta Malam, a yi haƙuri." Ya ce, "Ai mun ci, Allah ya ƙara buɗi."

Tun daren nan mas'alar take yi mini yawo a zuci: shin wanda ya biya kuɗinsa aka ba shi abin da bai yi ciniki ba, idan ya yi magana ya butulce wa ni'ima ne, ko kuwa haƙƙinsa ya nema? Dalilin shirun Malam sananne ne, domin Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa aibata abinci ba. In ya so ya ci, in bai so ba ya bari, har ranar da aka kawo naman damo ya janye hannunsa, Halidu ɗan Walidu yana ci a gabansa. Amma kuma shi ne ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa, ya iske ƙasansa a jiƙe, ya tsawatar wa mai shi. Risalar Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, wadda ake karantawa a zaurukanmu har gobe, ta hana ɓoye aibin haja da cakuɗa marar kyau da mai kyau.

Ashe abu biyu ne aka ɗora mana a faranti ɗaya: naman, wanda arzikin Allah ne ko da ya yi tauri, ladabinsa shiru, da algus, wanda aikin ɗan Adam ne, maganinsa nasiha, domin wanda ya yi shiru a kansa ya bar tarko ga mai saye na gaba.

Shi ya sa a daren nan, kafin mu tafi, na ja mai gashin gefe na gaya masa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, kasuwa ce." Sai dai da na yi wa kaina hisabi a hanyar gida, na tarar rabin fushina ba don shari'a ba ne, don bakin da na cika ne a gaban baƙo, wannan kuwa ba mai gashi ne ya sayar mini da shi ba, daga gida na taho da abina.