Da Ana Iya Komawa Jiya

Masu iya magana sun ce da na sani ƙeya ce, a baya take. Duk da haka, marubutan Turai da Amurka sun daɗe suna ƙaga labarin mutumin da na'ura ta ɗauke shi zuwa wani zamani, tun daga littafin H. G. Wells na 1895, The Time Machine. 'Ya'yanmu suna kallon irin wannan a fim, kuma a ƙarƙashin nishaɗin akwai tsohuwar tambaya: shin mutum yana da zaɓi, ko kuwa an riga an gama rubuta kome?

Labaran sun kasu gida biyu. A wani gajeren labari na Ray Bradbury na 1952, mafarauci ya koma zamanin da, ya taka malam-buɗe-littafi guda ɗaya. Da ya dawo sai ya tarar har sakamakon zaɓen ƙasarsa ya canja. A fim ɗin 12 Monkeys na 1995 kuwa, wanda aka aika baya ya yi iya ƙoƙarinsa amma bai hana annobar aukuwa ba. Labari na farko yana nuna cewa ƙaramin aiki yana da nauyi, na biyu kuma yana nuna cewa hannun mutum a ɗaure yake.

Mu a Kudancin Kaduna, wannan tambaya tana da zafi. A watan Maris na 1987 gardama a kan wa'azi ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, wutar ta bazu har Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina. A 1992 batun sauya wa kasuwa wuri ya ƙone Zangon Kataf, a 2011 kuma bayan zaɓe aka sake zubar da jini. Wane ne bai taɓa fatan a ce ya koma ranar farko ya riƙe hannun wanda ya fara jifa ba?

Wasu kan ce ƙaddara ce. Amma idan haka ne, wanda ya kunna ashana ba shi da laifi, wanda ya ɓoye maƙwabcinsa a ɗaki kuma ba shi da yabo. Yesu ya san Bitrus zai yi musun saninsa, ya kuma faɗa masa tun da wuri; duk da haka Bitrus ya yi kuka, domin ya san bakinsa ne ya furta. Agustin na Hippo ya koyar da cewa sanin Allah game da abin da za mu aikata ba ya tilasta mana aikata shi.

Kafanchan ta bunƙasa ne a matsayin mahaɗar layin dogo. Dogon a shimfiɗe yake, amma a mahaɗa sai ma'aikaci ya juya layi kafin jirgi ya nufi Jos ko Kaduna. A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomin wannan yanki suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan. Kisa bai ƙare da ita ba, amma ta tabbatar da cewa mutane suna iya zaɓen zama tare.

Ya ku iyaye, ba a ba mu ikon gyara 1987 ba. Abin da aka danƙa a hannunmu shi ne maganar da muke faɗa wa yara a bakin murhu game da maƙwabtanmu. Nan da shekara talatin su ne za su waiwayo, su yi godiya ko su yi da na sani. Ubangiji ya ba mu hikimar zaɓen alheri tun yau.